Hannun Biri da Ƙyauren Gwaggo

A daminar bara muka je gida Karaye, ruwa ya tsare mu kwana biyu, babu wuta, cajin waya na neman ƙarewa. Cikin tarkacen da ke wayar akwai wani gajeren labarin Turanci da muka sauke tun muna jami'a ba mu waiwaye shi ba, The Monkey's Paw, wato Hannun Biri, na W. W. Jacobs, wanda ya fito a 1902. Muka karanta shi ruwa na dukan kwano, muka gama, barci ya ƙaurace mana. Gwaggonmu muka tuna, wadda ke aure a wani ƙauye a kan hanyar Rogo.

Shi Jacobs mutumin Landan ne, an haife shi a 1863, ya rasu a 1943. A zamaninsa da labaran barkwanci na matuƙan jirgin ruwa da 'yan dakon tashar jiragen aka san shi, amma yau kusan da wannan labarin tsoro kaɗai ake tuna shi. Ga yadda yake a taƙaice. Wani dare na ruwa da iska, tsoho White da matarsa da ɗansu Herbert, wanda shi kaɗai ya rage musu, suka yi baƙo, Samanja Morris, da ya yi shekara 21 a Indiya. Ya zo da busasshen hannun biri wanda wani faƙiri ya tsaface don ya nuna wa mutane cewa ƙaddara ke mulkin rayuwarsu, mai yi mata katsalandan kuma zai yi kuka da idonsa. Mutum uku za su mallake shi, kowa a biya masa buƙata uku. Na farko, buƙatarsa ta ƙarshe mutuwa ce. Samanja ya jefa hannun cikin wuta, White ya yi wuf ya ciro. Da wasa da dariya, bisa shawarar ɗan, ya roƙi fam 200 don a biya bashin gida. Washegari wani mutum ya zo daga kamfanin da Herbert ke aiki ya ce inji ya cinye yaron, kamfanin ba shi da laifi, amma ga fam 200 saboda hidimar da ya yi. Kwana goma da rasuwar, uwar ta tilasta wa tsohon ya roƙi a dawo da shi. Can cikin dare aka fara buga ƙofa. Tana kokawa da sakata, shi yana laluben hannun a ƙasa cikin duhu, ya samu, ya yi roƙo na uku. Bugu ya tsaya. Ta buɗe, babu kowa, sai fitilar titi da hanya wayam.

Yawancin waɗanda muka ba labarin, kafin mu rufe baki sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Mu dai ba mu ga kwaɗayin ba. Tsohon da kansa ya ce bai san abin da zai roƙa ba, yana ganin yana da duk abin da yake so. Bai nemi sarauta ba, bai nemi gidan zinariya irin na Dare Dubu da Ɗaya ba, wanda matar ma ta ambata tana zolaya. Bashin gida ya so ya sauke. In wannan ne kwaɗayi, to duk manomin da ke Karaye da Rogo da ya taɓa fatan ya biya bashin taki kafin kaka makwaɗaici ne. Darasin faƙirin nan mugun darasi ne, na malamin da zai karya wa almajiri ƙafa don ya koya masa cewa rami na da haɗari.

Mu da ke cin abinci da rubuta manhajar kwamfuta mun san hannun nan, da shi muke wuni. Na'ura ba ta san nufi ba, abin da aka rubuta mata shi take aikatawa, ta hanyar da ta fi kusa. Ka ce mata ta rage yawan ƙorafe-ƙorafen da ba a amsa ba, in ba ka gindaya sharaɗi ba, ba abin da zai hana ta goge su duka ta kawo maka sifili. Rabin aikinmu rubuta sharuɗɗa ne: yi kaza, amma kada ki taɓa kaza, in kuma kaza ya faru ki tsaya. Duk da haka sai wani abin da ba wanda ya hango ya ɓullo ranar da mutane suka fara amfani da ita. Da White zai tsare kansa, sai ya ce fam 200, amma ba ta mutuwar ɗana ba, ba ta gobara ba, ba ta sata ba, ba ta hanyar da wani zai yi kuka ba, haka har gari ya waye bai gama ba. Tsofaffinmu, da ba su taɓa ganin kwamfuta ba, sun daɗe da gano cewa ɗan Adam ba zai iya ƙirga sharuɗɗan ba, shi ya sa ba sa rufe roƙo sai sun ce in da alheri, ko Allah Ya zaɓa abin da ya fi. Nan addu'a ta rabu da tsafi. Wanda ake roƙo a addu'a Ya san abin da mai roƙon bai sani ba, kuma Yana iya hanawa, hanin ya zama jinƙai. Hannun biri ba ya iya cewa a'a.

Gwaggo tana da ɗan fari. Kamar yadda aka saba, ba mu taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai yaron nan, ko wancan. Ya tafi ci-rani Kudu, ya samu aiki a wani kamfani, yana aiko da abin da ya samu. Ɗakinta na azara ne, yana yoyo duk damina, kullum maganarta ita ce Allah Ya nuna mata ranar da za a yi masa rufin kwano. Wata Laraba aka kira wayar mijinta. Ya hau mota, kwana ɗaya a hanya, ya isa, aka yi wa yaron sutura a can, don ba a ajiye gawa ana jiran hanya. Bayan sadakar arba'in kuɗi suka shigo ta asusun banki, tare da saƙon cewa kamfani na jajantawa. Aka raba gado yadda shari'a ta ce. Da kasonta da na mijin aka sayi kwano.

Ta daɗe tana cewa bakinta ne. Malamai sun yi mata nasiha, mata sun yi, ba ta musa wa kowa, amma ka gane ba ta sauka ba. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne, a duk zaman makokin nan ba mu ji wanda ya tambayi yadda injin yake ba, ko yana da murfi, ko awa nawa yaron ya yi a tsaye kafin abin ya faru. Kowa kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, kwana ya ƙare, ba mai ja da wannan. Sai dai addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne kuma ya ɗora diyya a kan kisan kuskure, raƙuma ɗari, bai ce tunda an rubuta a yafe wa mai sakaci ba.

Jacobs ya ɓoye wannan a tsakiyar labarinsa, mai karatu na can yana kallon biri. A 1897, shekara biyar kafin labarin ya fito, Ingila ta yi dokar biyan diyyar ma'aikata, wadda ta ce in ma'aikaci ya mutu a bakin aiki ya bar waɗanda suka dogara da shi kacokan, a biya tsakanin fam 150 zuwa 300. Fam 200 na White ya faɗo daram cikin wannan iyakar. Wato kuɗin da iyayen suka ɗauka amsar tsafi ne, kuɗin ran ma'aikaci ne na yau da kullum a wancan zamanin, kuma wakilin kamfanin, wanda sau uku yana tsayawa a bakin ƙofa yana wucewa kafin ya iya shigowa, ya miƙa shi kamar alfarma. Samanja ma ya faɗa musu cewa abubuwan kan zo a hanyar da mutum zai iya cewa dacewa ce kawai. Cire hannun birin gaba ɗaya, labarin bai rushe ba: yaro ya mutu a inji, kamfani ya wanke hannunsa, iyaye suka ɗora wa kansu laifin. Mun ga irin haka kusa da gida. A ƙarshen Nuwamban 2021 kwale-kwale ya kife a Bagwai da mutanen da suka taso daga Badau, fiye da ashirin suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, kuma lodin ya fi ƙarfin jirgin. Muna da yaƙinin akwai uwar da har yau take tuhumar kanta don ita ta ce wa yaro ya shirya ya bi 'yan'uwansa.

Amma inda labarin ya fi nauyi shi ne bakin ƙofa, kuma nan ne muka kasa raba gardama cikin sauƙi. Uban ya ga gawar, da tufafi kawai ya iya gane ɗansa. Uwar ba ta gani ba. Ya faɗa mata, ta ce ita za ta ji tsoron ɗan da ta shayar? Gani ya kori ji, in ji Hausawa, to ita ji kawai ta yi, ji kuwa bai kori komai ba. Annabi Yaƙubu ma riga aka kawo masa, ya yi ta kuka har idanunsa suka yi fari, zuciyarsa ba ta rufe ƙofa ba. Duk wanda ya taɓa zama a bakin madatsar ruwan Challawa, wadda aka gama a 1992, ranar da ruwa ya ci wani, ya san dangi ba sa iya karɓar gaisuwa da zuciya ɗaya sai masunta sun fito da shi. A wurinmu kuma rabon ganin nan a tsare yake: maza ke zuwa asibiti, maza ke wa namiji wanka, maza ke raka shi maƙabarta. In a gida ya rasu, akan kira uwa ta yi masa addu'a kafin a ɗauka. In a Legas ne ko Fatakwal, sai dai murya a waya.

To wa ke da gaskiya, mai jan sakata ko mai laluben ƙasa? Tun muna yara aka hore mu kada mu amsa kiran dare sai mun shaida murya, baƙon kirki kuma sallama yake yi, sau uku, in ba a amsa ba ya juya. Mai bugun nan na Jacobs bai ce uffan ba. Uwar ce ke ta kiran sunan ɗanta daga ciki, daga waje katako kawai ke amsawa. Yana iya zama Herbert ne ya tako mil biyu daga maƙabarta da jikin da inji ya bari. Yana iya zama matafiyi ne ya ɓata hanya, ya gaji ya wuce. Marubucin bai nuna ba, bai ma rubuta kalmomin roƙo na ukun ba, ya bar mu mu cike da kanmu.

Mun fi karkata ga uban, ko da yake karkatar ba ta yi mana daɗi. Dalilinmu shi ne mutum ɗaya da ba wanda ya shawarta a duk daren nan: Herbert. An dawo da shi ne don zuciyar uwarsa ta huta, ba wanda ya tambaya ko shi zai huta. Roƙo na biyun ma ba shi da sharaɗi, a raye kawai aka ce, ba a ce da lafiya ba, ba a ce da hankalinsa ba, kuma tsohon ya riga ya san yadda hannun ke cika umarni. Laifinsa na gaske a nan yake, da ya yi roƙon yana sane don ya kasa jure idon matarsa. Na ukun gyaran ɓarnar kansa ne. Sai dai in har ɗan ne a waje, to yaro ne da ya zo ƙofar uwarsa cikin dare, ubansa ya kore shi, kuma ita ta sani. Labarin ya tsaya a bakin titi. Mu kuwa tunaninmu na kan safiyar da za ta biyo, tsofaffi biyu a gida ɗaya, bashi ya biyu, ba mai iya kallon wani.

Mijin Gwaggo bai taɓa faɗa mata abin da ya gani ba. Da ta tambaya, cewa ya yi fuskarsa fes, kamar mai barci. Mu ya faɗa wa gaskiya, shekara biyu bayan nan, a zaure, da muryar da ba ta wuce tabarmar da muke kai ba, ya kuma roƙe mu kada ta ji. Mun sha tambayar kanmu ko ƙaryar nan tausayi ce ko ƙwace, domin ita ce ta bar ta da ɗa mai kyakkyawar fuska wanda ba ta ga an binne ba. Kusan shekara guda ba ta yarda a sa wa ƙyauren gida sakata ba, ba ta kuma taɓa faɗin dalili ba. Shi kuma sai ya jira numfashinta ya daidaita, ya tashi a hankali ya sa, kafin kiran assalatu ya je ya zare, don ta tarar da shi yadda ta bari.

Da ruwa ya ɗauke muka hau babur muka je gaishe ta. Mun same ta a tsohon ɗakin kishiyarta mai rasuwa, na azara, an tara kwanoni biyu a ƙasa suna tarar yoyo. Jikarta ce ta ce mana duk daren da hadari ya haɗu nan take kwana, wai ƙarar ruwa a kan kwano na hana ta jin ko ana sallama.