Keken da Ake Gani, Ciwon da Ba a Gani

Akwai wata jayayya da ta daɗe tana gudana a ƙasar Amurka, wadda in an dube ta sama-sama sai a ce matsala ce ta waɗanda suka ƙoshi. Amma tambayar da ke ƙarƙashinta tsohuwa ce ƙwarai, ta kuwa shafi Doka ta Takwas kai tsaye: yaushe ne ya halatta mu yanke wa mutum hukuncin maƙaryaci bisa ga abin da idonmu kaɗai ya gani?

A kusa da birnin Orlando, cikin jihar Fulorida, akwai wani makeken wurin shaƙatawa mai suna Walt Disney World, wanda aka buɗe a shekarar 1971. Filinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 100, yana kuma ƙunshe da manyan dandalan wasanni guda huɗu, cike da liluka iri-iri da gidajen kallo. Wanda ya shiga da safe zai wuni yana tafiya a ƙasa cikin zafin rana da gumi, kana ya tsaya a layi, wani lokaci fiye da awa guda, kafin ya hau lilo ɗaya na 'yan mintoci. Saboda haka ake ba da hayar wani ɗan keke mai aiki da batir, mai kujera da abin tuƙi, domin wanda ƙafafunsa ko numfashinsa ba za su ɗauki wannan wahala ba. Ba a tambayar takardar likita kafin a ba mutum. Dokar kare naƙasassu ta Amurka, wadda Shugaba George H. W. Bush ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuli, 1990, da ƙa'idodin da aka kafa a kanta daga baya, sun hana ma'aikatan irin waɗannan wurare su titsiye mai keke da tambaya a kan irin naƙasarsa ko girmanta.

To, daga nan ne gunaguni yake tashi. Sai a ga mutum ya zo bisa keke har bakin lilo, ya ajiye shi, ya miƙe tsaye, ya taka da ƙafafunsa ya hau. Sai a ga wata mace mai ƙiba a kai, ko saurayi wanda fuskarsa ba ta nuna komai ba. A tashar bas kuma a fara shigar da mai keke da iyalinsa, a naɗe kujeru domin a ɗaure keken, alhali waɗanda suka riga shi zuwa suna tsaye da yara a kafaɗa. Nan take zukata su yanke hukunci: wannan rago ne, wancan ɗan damfara ne. Wasu ba sa tsayawa ga zuciya, sai sun furta a gaban jama'a, wasu ma su ɗauki hoton mutumin su watsa shi duniya ta yi masa dariya.

Kada mu yi gaggawar wanke kowa, gama zamba ta auku da gaske. A watan Mayu na 2013 jaridar New York Post ta ba da labarin wasu iyalai masu hannu da shuni da suke ɗaukar hayar naƙasasshe ya zama kamar ɗan gidansu, domin a shigar da su ta ƙofar da aka keɓe, su tsallake layi. Jaridar ta ce ana biyan dala 130 a awa. A watan Oktoba na wannan shekara kamfanin ya janye katin da yake bai wa naƙasassu, ya kawo sabon tsari: ba a tsallake jira, sai dai a ba mutum lokacin da zai dawo, ya yi jiransa a inuwa maimakon cikin layi. A 2024 kamfanin ya ce masu neman wannan sauƙi sun ninka sau uku cikin shekara biyar, sai ya sake ƙuntata shi, ya mai da shi musamman ga masu lalurar da ta shafi girman ƙwaƙwalwa, irin wadda likitoci ke kira otizim, ya kuma yi gargaɗin cewa wanda aka kama da ƙarya za a haramta masa shiga wurin har abada. Mutane da yawa masu wasu cututtuka, waɗanda a da suke samun sauƙin, suka wayi gari an hana su.

Mu dubi wannan da kyau. Wanda ya yi ƙaryar naƙasa ba awa guda kaɗai ya sace daga mutanen da ke layi ba. Ya saci wani abin da ya fi wannan tsada, watau yardar da jama'a suke yi wa maganar marar lafiya. Wake ɗaya ne ke ɓata gari. Duk sa'ad da aka kama maƙaryaci ɗaya, sai a ƙara ɗaga katanga, wanda kuwa ba ya iya tsallake ta shi ne mai ciwon gaske. Maƙaryacin lafiyarsa ƙalau, gobe zai nemi wata hanya. Bishara ta Yohanna sura 5 ta ba mu labarin mutumin da ya shekara 38 yana fama da ciwo a bakin tafki, kullum in ya yunƙura sai wani ya riga shi shiga ruwan. Waɗanda suke rigansa marasa lafiya ne kamarsa. Me za mu ce da lafiyayyen da ya kwanta a bakin tafkin nan da gangan? Zunubinsa ƙarya ne da sata a haɗe, ba za mu kuwa sassauta masa suna ba.

Amma amincewa da cewa akwai maƙaryata abu ɗaya ne, nuna wani mutum takamaimai da yatsa a ce ga ɗaya daga cikinsu kuma wani abu ne dabam. A nan ne yawancin masu fushi suke tuntuɓe.

Me idon ya gani a zahiri? Ya ga mutum ya miƙe ya taka taku goma. Daga wannan aka fitar da cewa zai iya taka kilomita goma. Wannan lissafi ba ya tsayawa. Mai ciwon zuciya yana iya tafiya daga ɗaki zuwa ƙofar gida, amma rabin kilomita a cikin rana yana iya kai shi asibiti. Mai cutar da ke cin rigar jijiyoyin laka da ƙwaƙwalwa yakan tashi da ƙarfi da safe, zafi ya karya shi kafin tsakar rana. Haka mai ciwon huhu, da wanda ake yi wa maganin daji, da wanda aka yi wa aiki a gwiwa makonni kaɗan da suka wuce. Ƙibar da ake yi wa dariya ma sau da yawa 'yar ciwon ce, ba uwarsa ba: wasu magunguna suna kumbura jiki, wanda kuma ya kasa motsi shekara da shekaru dole jikinsa ya yi nauyi. Duniya ta ga wannan a fili ga Paparoma Francis, wanda ya fara bayyana bisa keken guragu a watan Mayu na 2022 saboda ciwon gwiwa, duk da haka aka riƙa ganinsa yana miƙewa ya yi 'yan taku da sanda. Da a ce ba a san shi ba, ya sa tufafin gida ya shiga wancan layi, da ya sha harara kamar kowa. Abin da ya ƙara ba da mamaki shi ne, yawancin layukan wuraren nan yanzu an gina su yadda keke zai bi, mai keke yana jira tare da kowa. Watau ribar da ake zargin ya ci sau da yawa ba ta ma wanzu ba.

Muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Karin maganar tana da wurinta, amma fuska ba ta ba da labarin ƙoda ko na bargo. Mai ɗaki ne ya san inda yake masa yoyo.

Waliyyi Toma na Akwino, wanda ya rasu a 1274, ya yi nazarin wannan batu a babban littafinsa na tauhidi. Ya nuna cewa kafin hukunci ya halatta sai abu uku sun cika: ya fito daga son adalci, ya fito daga wanda yake da ikon yin sa, ya kuma tsaya bisa hujja tabbatacciya. In na farko ya ɓace, hukuncin karkatacce ne. In na biyu ya ɓace, an ƙwace kujerar wani ne. In na uku ya ɓace, zato ne kawai. Mu auna mutumin da ke tsaye a layi da wannan ma'auni. Hujja ba shi da ita, gama bai ga takardar asibitin kowa ba. Iko ba shi da shi, gama ba wanda ya naɗa shi mai tantancewa. Son adalci fa? Bari mu faɗi gaskiya: ƙafafunsa suna zogi, ya kashe kuɗi masu yawa, yaronsa yana kuka, ga wani a zaune. Abin da yake ji ya fi kusa da gajiya da hassada, ya sa musu rigar adalci ne kurum. Waliyyin ya ma lura cewa ɗaya daga cikin tushen mugun zato shi ne halin mai zaton kansa: wanda ya san da ya sami dama zai yi zamba, shi ne ya fi saurin ganin zamba a wurin wasu.

Wani zai ce, ashe ba haka ake renon 'yan damfara ba? In kowa ya yi shiru ya kyautata zato, ba za a mai da mu wawaye ba? Tambaya ce mai nauyi, Toma kuwa bai kauce mata ba. Ya yarda cewa mai kyautata zato zai fi yawan yin kuskure. Amma ya ce kurakuran biyu ba nauyinsu ɗaya ba. In ka ɗauki mugu a kan mutumin kirki, an ruɗe ka, amma ba ka zalunci kowa ba. In ka ɗauki mutumin kirki a kan mugu, ko sau ɗaya ne, ka ci mutuncinsa ba da hakki ba. Ya kuma bar ƙofa ga wanda aka ɗora wa alhakin tsaro ya yi shiri kamar mugunta tana iya aukuwa. Saboda haka kamfani yana da hakkin kafa ƙa'ida, ya yi tambayoyin da doka ta yarda, ya hukunta wanda aka tabbatar ya yi ƙarya, ko da yake shi ma za a tambaye shi marasa lafiya nawa ya kora a garin kamun maƙaryata. Katikizim na Ekklesiya Katolika, a lamba ta 2477 da 2478, ya lissafta yarda da laifin maƙwabci ba tare da isasshiyar hujja ba cikin laifofin da suka saɓa wa gaskiya, ko da a zuci aka yi shi ba a furta ba. Kakanninmu ma sun faɗi nasu: zato zunubi, ko da ya zama gaskiya.

Wannan bai ɗaure mana baki ga abin da muka gani da gaske ba. Wanda ya tuƙa keken da ganganci cikin taro, ya taka ƙafar yaro, ko ya ɗora jikansa a cinya ya bar masa abin tuƙi, ya yi laifin da ido yake shaida, ana kuwa iya yi masa magana ko a kira ma'aikaci, ko yana da ciwo ko ba shi da shi. Naƙasa ba lasisin rashin kunya ba ce. Abin da ba mu da izini a kai shi ne mu tsallaka daga aikin da muka gani zuwa jikin da ba mu gani ba.

Littafin Sama'ila na Farko ya ajiye mana wani misali da ya kamata mu firistoci mu fi kowa jin kunyarsa. Hannatu tana addu'a a gidan Ubangiji cikin baƙin cikin rashin haihuwa, leɓunanta suna motsi ba a jin murya, Eli firist ya dube ta ya yanke cewa ta bugu, har ya tsawata mata. Yana da shekaru, yana da matsayi, duk wannan bai hana shi kuskure ba. Tilas ta buɗe masa ciwonta kafin ya janye maganarsa. Wannan ne harajin da mugun zato yake karɓa daga mai gaskiya: ko dai ya tona asirin jikinsa ga baƙon da bai sani ba, ko ya haɗiye wulakanci. Akwai waɗanda saboda gudun harara suke ƙin hawa keken, su yi ta jan jiki har su kwanta kwana uku. Akwai kuma waɗanda in za su sauka sai su ƙara ɗingishi da gangan domin masu kallo su gamsu. Dubi inda aka kai: tsoron masu farautar ƙarya ya koya wa mai gaskiya yin wasan kwaikwayo.

A 2016 filin jirgin sama na Gatwick a Ingila ya fito da wata igiyar wuya koriya mai hoton furen rana, wadda mai ɓoyayyar lalura zai iya ratayawa in ya ga dama, domin ma'aikata su gane yana iya bukatar taimako. Ta yaɗu zuwa ƙasashe da dama, ta kuma taimaki mutane. Sai dai ba a neman shaida kafin a ba da ita, don haka mai zargi zai iya zarginta ita ma, a koma gidan jiya. Ba wata alama da za ta gamsar da idon da ya riga ya yanke hukunci.

Yawancinmu ba za mu taɓa taka Orlando ba, amma irin wannan kallo ba baƙo ba ne a majami'unmu. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ciwon sikila, yawancinsu kuwa ba ya nuna a fuska sai ranar da ya tashi. Saurayin da ya zauna sa'ad da ake karanta Bishara, da budurwar da ba ta durƙusa ba lokacin tsarkakewa, da matar da aka ga tana cin abinci ranar Laraba ta Toka, dukansu sun san yadda ido yake sauka a bayan wuya. Ekklesiya ba ta ɗora wa marar lafiya azumi ba, ba ta kuma ce ya sanar da zumunta dalilinsa ba. Muna roƙon katikis da masu kula da tsari a ƙofa, in sun ga irin wannan, su bar mutumin a zaune. In lalle sai sun yi magana, su matso kusa su tambaye shi a hankali ko yana bukatar ruwa ko wuri kusa da taga.