Wa Ke Da Kifin Baɗi?

A finafinan mu gane mugu ba wuya: bos ne mai zare ido, a ƙarshe jarumi ya gama da shi. To amma mai karatu, je ka dam ɗin Tomas a Ɗambatta ka nuna mani bos. Mai fatsa zai wuni a bakin ruwa ya tashi da 'yan karfasa biyu. A gefen sa wani ya ja gidan sauro ya kwashe har 'ya'yan tarwaɗar da ba su kai yatsa ba. Ka tambaye shi, ya ce yara na gida da yunwa, kuma in ya bari wani zai kwashe. Gaskiyar sa. Sai dai kifin da bai kai ga yin ƙwai ba, rabon ɗan sa ne na baɗi ya cinye bana.

Dubi Argungu. A kan hana su a Matan Fada har sai lokacin gasa, Sarkin Ruwa na lura, shi ya sa giwan ruwa ke samun girma. Haƙurin mutum ɗaya ba ya cika kogi, sai an yi na gayya. Kuma duk al'ummar da ta ce wa mai gidan sauro ya dakata, abincin yaran sa na yau ya hau wuyan ta.