Mashin ɗin Baba da Bantam na Ingila

Shekara biyar mashin ɗin Baba yana jingine a zaure tun rasuwarsa. Yayana ya ce a kira 'yan gwangwan su auna shi, a ƙara kuɗin a sayi taki. Na hana. Ya tambaye ni dalili, na rasa abin cewa.

A daren na yi ta karanta labarin wani tsohon babur na Ingila, BSA Bantam, wanda aka ƙera a Birmingham daga 1948 zuwa 1971. Ɗan ƙarami ne, injin na farkonsa 125cc, abin hawan ma'aikata da yaran da ke kai telegiram na gidan waya. Yau masu tara tsofaffin babura ke nemansa, kuma abin da suka fi zuba wa kuɗi shi ne asali: injin da ya fito da shi, fentin kamfani, tafiya kaɗan. Wato wanda ya fi ƙarancin aiki shi ya fi daraja. Wanda ya shekara ashirin yana kai mai shi masana'anta cikin ruwa da sanyi, aka canja masa fistin, aka yi masa walda, sai a rage masa farashi.

Abin dariya, Bantam ɗin ma kwafi ne. Zanen DKW RT 125 na Jamus aka karɓe a matsayin diyya bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Yamaha ma shi ta kwaikwaya a 1955.

A wannan ma'auni Jincheng ɗin Baba bai kai komai ba. Buhunan albasar Aliero sun lanƙwasa masa kariya, kanikawan Jega sun canja masa kusan komai in ban da firam. Kuɗin makarantata a bayansa suka zo. Aikina rubuta manhaja ne, na kuma lura wadda ta fi faci ita ce wadda mutane suka fi mora.

Sai dai nan maganar ta juyo kaina. In na ajiye shi don kallo, da me na fi mai tarawa a Ingila? Baba bai taɓa ɗaukarsa abin ado ba, kuma na san da yana raye, taki zai zaɓa.

Na roƙi Yaya ya bari sai an cire albasa. Jiya na kwance kafireton na kai wa kanike, ya ce in dawo jibi.