Rufin Asirin da Ya Koma Zalunci

Daga cikin ɗabi'un da Bahaushe yake tinƙaho da su, da wuya a sami wadda ya riƙa da hannu biyu kamar rufin asiri, har ya zamana ita ce addu'ar da yake yi wa kansa da 'ya'yansa safe da maraice. Kuma lalle shari'a ta kwaɗaitar da Musulmi ga suturta ɗan'uwansa idan ya yi tuntuɓe tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma da muka ɗauki wannan sutura muka lulluɓa wa wanda ya ja yarinya mai talla cikin kango ya yi mata fyaɗe, muka tara dattawa a zauren mai unguwa aka ce a yi haƙuri, aka miƙa wa uban yarinyar 'yan kuɗin magani, aka shafa fatiha aka watse, to, a ranar mun sauya wa kalmar ma'ana, mun sanya wa zalunci rigar kunya.

Malamanmu na fiƙihu ba su bar wannan mas'ala cikin duhu ba, domin sun rarrabe tsakanin haƙƙin Allah, wanda tuba take kankarewa, da haƙƙin bayi, wanda ba ya faɗuwa sai an mayar wa mai shi ko shi da kansa ya yafe. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya tabbatar da cewa macen da aka tilasta babu uƙuba a kanta, uƙubar tana kan wanda ya tilasta ta, kuma wajibi ne ya biya ta sadakin irinta. A ƙarshen Suratul Baƙara kuwa an hana ɓoye shaida, an jingina zunubin haka ga zuciyar mai ɓoyewa. Ina son mai karatu ya tambayi kansa: wa ya ba liman ko dagaci ko ma mahaifi ikon yafe abin da ba a jikinsa aka aikata ba?

Hujjar da ake kawowa kullum ɗaya ce, wai kada a ɓata wa yarinya suna, wa zai aure ta idan magana ta fita. Na yarda tsoron nan na gaskiya ne, na kuwa ga uwar da ta kwana tana kuka saboda shi. Sai dai mu ne muka haifi tsoron da bakunanmu, mu da muke cewa idan ɓera da sata daddawa ma da wari, alhali wadda ake nufi da daddawar ba ta cika shekara goma ba. Shi kuwa azzalumin, da ya ga an rufe maganar farko, darasi guda ya koya, wato unguwar nan babu mai tsaronta. Ba mata kaɗai yake farauta ba. Almajirin da yake kwana a bakin shago, wanda ba shi da uwar da za ta lura tafiyarsa ta sauya, yana cikin sahun farko.

A watan Yuni na 2020, 'yan sanda suka kama wani mutum a Kwanar Ɗangora ta jihar Kano bisa zargin yi wa mata arba'in fyaɗe cikin shekara guda, daga yarinya ƙarama har tsohuwa mai shekara 80. Abin da ya kawo ƙarshen al'amarin shi ne wata uwa da ta same shi a ɗakin 'ya'yanta ta yi kururuwa, maƙwabta suka fito suka bi shi. A watan Yunin ne kuma gwamnonin Nijeriya suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe, a Satumba kuma Kaduna ta kafa dokar hukuncin dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ko yarinya 'yar ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Amma alƙali, komai tsananin dokar da ke gabansa, ba ya hukunci a kan ƙarar da aka binne a zaure.

Tsare yaran unguwa farilla ce ta kifaya, wadda idan kowa ya bari kowa ya yi laifi. Mai shayi da yake ganin wanda ke kiran 'yan talla cikin soro, da matar da ta ji ihu ta katanga, da malamin da ya ga ɗalibarsa ta daina magana, duk shaidu ne. Idan kuwa abin ya riga ya auku, kada a wanke tufafin da ke jikin yarinyar, kada a tsaya jiran taron dangi. A gaggauta kai ta asibiti, domin maganin da ke kare mutum daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake amfani. Akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala da ke Kano, akwai cibiyoyin Salama a jihar Kaduna, an buɗe su ne domin wannan. A kan hanyar zuwa can, yarinyar tana bukatar ta ji daga bakin mahaifinta cewa ya gaskata ta, kuma ba ita ce ta yi abin kunya ba.