Tauraruwa Mai Wutsiya Ba Ta Kawo Mutuwar Kowa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

A Oktoban 2024, da tauraruwa mai wutsiya ta bayyana ta yamma bayan magariba, magana ta yi ta yawo a kasuwa: wai wani babba zai rasu, wai yunwa na tafe. Wannan camfi ne, kuma yana taɓa aƙida. Ranar da Ibrahim ɗan Annabi (SAW) ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne. Annabi da kansa ya gyara musu, ya nuna cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa.

To mece ce ita? Dunƙulen ƙanƙara ce gauraye da ƙura da duwatsu, tana kewaya rana. Abin mamaki, baƙa ce ƙirin kamar gawayi. Kumbon Turai mai suna Rosetta ya isa kusa da wata a 2014, ya ga haka. Kowa ya san baƙar riga ta fi fara kama zafi. Haka saman nata yake shanye hasken rana idan ta matso, zafin ya ratsa zuwa ƙanƙarar da ke ƙarƙashi. Da yake babu iska a can, ƙanƙarar ba ta narkewa ta zama ruwa irin ta masu sayar da sanyi, kai tsaye take zama tururi. Tururin ya fashe ya fito da ƙura, abin da ke kwararowa daga rana ya tura su baya. Wutsiyar kenan, shi ya sa kullum take fuskantar nesa da rana.

Ku dubi kuma Enseladus, wani ƙaramin wata da ke kewaya Zuhal. Shi ma ƙanƙara ce, amma fara fat, tana mayar da kusan duk hasken da ya sauka a kanta, ga nisa da rana. Sanyin samansa ya kai wajen digiri 200 ƙasa da sifili. Rana ɗaya ce, Allah Ya ƙaddara wa kowanne rabonsa.

Lissafinta ma sananne ne. Wadda ake kira Hali tana dawowa kusan duk shekara 76. An gan ta a 1986, ana sa ran ta a 2061. Yaran da ke makarantar allo a bayan masallacin nan, wasunsu za su gan ta. Allah Ya kai rai.