Dabo da Tsohon Gida

Duk lokacin da na bi ta Ƙofar Kudu, tambaya ɗaya takan dawo mini: wanda ya yi yaƙi don kawar da wani tsari, in ya koma mulki da kayan aikin wannan tsarin, amana ya ci ko hankali ya yi?

Ibrahim Dabo ne ya jawo mini wannan tambaya. Malami ne Basulluɓe, daga jama'ar da suka kawo ƙarshen mulkin Alwali. A 1819, bayan rasuwar Sarki Sulaimanu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya naɗa shi Sarkin Kano. Bai tarar da kwanciyar hankali ba. Garuruwa sun yi tawaye, Ɗan Tunku kuma ya matsa daga arewa. Dabo ya kafa ribaɗi a Fanisau, can ma Bature Clapperton ya same shi a 1824. Ya yi ta cin garuruwa har aka yi masa laƙabi da Cigari.

Sai dai abin da ya tsayar da mulkinsa har zuwa rasuwarsa a 1846 ya wuce takobi. Dabo ya farfaɗo da sarautu da al'adun fadar Haɓe, ya dogara da bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi. Abin da aka soka jiya, shi aka jingina da shi yau.

Ni sana'ata rubuta manhajar kwamfuta, kuma na taɓa yin girman kan mai gyara. An ba ni wata tsohuwar manhajar biyan albashi, na ga duk a hargitse take, na share na sake sabuwa. Ƙarshen wata albashin masu gadi bai fita ba. Ashe layukan da na raina, kowanne wata matsala ya toshe wadda ban taɓa sani ba. Tun ranar na daina yi wa Dabo saurin hukunci. Mai wa'azi yana da damar ya ce abu kaza ɓata ne. Mai mulki kuwa, gobe da safe sai kasuwar Kurmi ta ci, sai ayari ya shigo lafiya.

Amma wannan uzurin yana da iyaka. Tsohon tsari ba ya zuwa da amfaninsa kaɗai, har da zaluncinsa yake tafe. Zaman lafiyar da Kano ta samu, bayin da suka noma gandaye suna cikin waɗanda suka biya kuɗinta, ba kuwa wanda ya nemi yardarsu.

Don haka ban ɗauki komawa tsohon gida cin amana ba. Amana takan ɓace ne ranar da mai gyara ya manta dalilin da ya fito da shi, ya fara kiran abin da ya karɓa bisa larura da sunan gado. Wannan awo ya hau kan Dabo, ya kuma hau kan duk wanda ya yi mana alkawarin canji sannan ya samu kujera.