Jeren Kaya a Rumfa: Ado Ne Ko Algus?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, na ga ya kamata in kawo ta gabanku, ku 'yan'uwana da kuka koyi karatu da girmanku, domin da yawa daga cikinku masu sana'ar hannu ne, dukawa da masaƙa da maƙera da maɗinka. Tambayar ita ce: mutumin da ya jera kayansa a rumfa, ya sa mai kyau a gaba don ya jawo idon mai saye, ado ya yi ko algus? Abin da ya jawo ta kuwa wani al'amari ne da ya faru a kan idona.

Wata shekara aka yi bajekolin kayan sana'ar hannu a garinmu, na kwana 5. Da ya ke aikina rubutu ne a ofis, sai aka ɗora mini awon fili da rubuta sunayen masu rumfuna. Muka ja igiya, muka kafa turaka, kowace rumfa taki 4 a tsaye, taki 4 a kwance, muka bar hanya a tsakani wadda mutum uku za su jera su wuce. Cikin waɗanda na rubuta akwai wani tsohon baduku da ɗan ƙanensa, rumfunansu na jingine da juna. Tsohon nan shi ya koya wa yaron riƙon basilla.

Ranar buɗewa tsoho ya shimfiɗa tabarma, ya zazzage buhunsa, jaka da zabira da kube da takalma duk tsibi guda, ya koma gefe ya zauna. Yaron kuwa tun da asuba ya zo. Ya bar bakin rumfa a buɗe, ya sa tebur dama da hagu, don mai saye ya shigo ciki ya tsaya a inuwa. Manyan matasan fata ya jingine su a ƙurya inda za a hango su daga nesa. Jakunkuna ya rataye su a igiya daidai idon mai wucewa. Ƙananan kaya masu araha ya sa su a baki inda hannu zai kai. Ya haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, ya kare su daga rana don kada rini ya koɗe. Sa'an nan ya zauna a bakin rumfa yana ɗinki, mutane suka taru suna kallon hannunsa.

Tsoho ya dube shi, ya ce, "Kai yaro, wannan duk tarko ne ka ɗana wa bayin Allah. Abu mai kyau shi ke sayar da kansa."

Yaro ya sunkuyar da kai, ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Baffa, ai ko amarya sai an sa mata lalle."

A nan kam, ni a ganina, gaskiya na wajen yaro. Hausawa sun ce in kana da kyau ka ƙara da wanka. Mutumin da ya kwana uku yana ɗinkin jaka, sa'an nan ya binne ta ƙarƙashin tsibin takalma, ya zalunci aikinsa, ya kuma wahal da mai saye, wanda sai ya tsuguna ya yi ta tono kamar kaza a juji. Jeri kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a zamaninsa, tsakanin 1463 da 1499, tun da can a tsare ta ke. Wani Bature matafiyi, Kilafaton, ya iso Kano a 1824, ya ba da labarin cewa ya tarar kowane irin kaya da nasa sashe, kuma akwai shugaban kasuwa mai ba da hayar rumfuna wata wata. Bukukuwan bajekoli na zamani, kamar na Kaduna da aka fara a 1979, da na kayan sana'ar hannu na Wagadugu da aka fara a 1988, tsohuwar dabara ce suka ɗauka suka faɗaɗa. Watau dai tsara kaya don a gan su da kyau hidima ce ga mai saye, ba laifi a ciki.

Amma fa labarin bai ƙare ba. A rana ta uku wata mata ta zo teburina tana faɗa, riƙe da jaka wadda maratayinta ya tsinke. Da muka bincika, ashe jakar da yaron ya rataye a igiya ta jar fatar akuya ce, irin ta Sakkwato, wadda fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. In mai saye ya taya, aka sallama masa, sai yaro ya ce kada a ɓata jeri, ya sa hannu cikin buhu a bayan tebur, ya ɗauko wata a naɗe cikin takarda. Ta cikin buhun kuwa fatar tunkiya ce, launi ɗaya, ɗinki ɗaya, amma ba ta da ƙarkon ta akuya. Tsoho ya ji haka, ya rufe fuska da hannun riga don kunya, ya ce, "Malam, ka gani? Abin da na ke gudu ke nan."

To, ina iyaka tsakanin jerin safe da muka yaba da wannan da muka ƙi? Tebur ɗaya ne, igiya ɗaya, jaka ɗaya. Na daɗe ina juya abin, sai na tuna da wani labari da muka ji tun muna makarantar allo, wanda ya zo cikin littafin hadisi na Muslim. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci tsibi, ya sa hannu ciki, ya ji danshi. Mai shi ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya tambaye shi abin da ya hana shi sa jiƙaƙƙen a bisa inda mutane za su gani, ya kuma nuna mai algus ya fita daga hanyarmu. Ku lura, ba a hana mutumin sayar da jiƙaƙƙen abinci ba, inda ya ajiye shi ne laifin. Ashe jeri magana ce, ko da mai rumfa bai buɗe baki ba. Wanda ya rataye jaka a igiya kamar ya ce ne, "Irin wannan na ke sayarwa." In na buhu irinta ne, ya faɗi gaskiya. In ba irinta ba ne, ya yi ƙarya da hannunsa.

Saboda haka ma'aunin da na samu shi ne, abin da ke gaba ya zama shaidar abin da ke baya. Ba a ce ka sa mafi muni a bakin rumfa ka kori mutane ba. Sa mafi kyau, ka goge shi, ka ba shi haske. Amma na akuya ya zauna sashensa, na tunkiya sashensa, kowane da kuɗinsa. Mai kuɗi kaɗan ma yana son jaka, zai sayi ta tunkiya da saninsa, ya yi maka godiya.

Wani zai ce, "Ai mai gaskiya shi ke riba, don mai saye zai dawo." Wannan haka ya ke a kasuwar gari, inda za a same ka gobe da jibi. Amma kada mu ruɗi kanmu, a bajekoli ba lalle ba ne. Kwana 5 ne a watse, mai saye baƙo ne, ya hau mota ya tafi. Da maratayin nan ya yi mako guda kafin ya tsinke, da yaron ya ci bulus. Ni na ga cinikinsu, a kwana biyun farko ya sayar da abin da Baffansa bai sayar da rabinsa ba. To, don me mutum zai riƙe gaskiya inda ba mai kama shi?

Dalili na farko, hakkin mutum ba ya faɗuwa don ya yi nisa. Kuɗin baƙo da na ɗan gari nauyinsu ɗaya a ma'auni. Na biyu, baƙon nan bai san sunanka ba, sunan garinku ya sani. In jakar ta tsinke a gidansa, cewa zai yi kayan garin kaza ba su da ƙarko, ya gaya wa mutum goma. Kai ka ci riba, dukawan garinku duka su biya bashin. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Akwai kuma hakkin maƙwabci, wanda masu rumfa kan manta. Kowace safiya sai na zaga na mai da turakan da aka matsar da dare. Wannan ya tura teburinsa taki guda cikin hanya, wancan ya rataye shuɗi ya tare fuskar rumfar na kusa da shi, mai tsire ya kafa tukubarsa inda iska ke kai hayaƙi kan farin saƙi. Kowa cewa ya ke ɗan kaɗan ne. Amma in kowa ya ci taki guda, hanya ta toshe, masu saye su juya tun daga ƙofa, kowa ya yi asara. Rumfunan bakin ƙofa da na kusurwa kuwa, waɗanda kowa ke so, ban ga abin da ya fi ƙuri'a a bainar jama'a raba gardamarsu ba, don in malamin ofis ya raba da son ransa, shi ma ya yi nasa algus ɗin.

Yadda aka ƙare, yaro ya mayar wa matar nan kuɗinta, ya ba ta haƙuri. Da dare Baffansa ya yi masa faɗa irin na uba. Kashegari na tarar sun cire zanar da ke tsakaninsu, rumfa biyu ta zama ɗaya. Yaro ya jera kayan tsoho yadda ya iya, tsoho kuma ya zauna a bakin buhu, ba abin da ke fita sai ya shafa ya ce na akuya ne ko na tunkiya. Ban san ko ribar yaron ta kai ta farko ba, amma ba wanda ya sāke zuwa teburina da ƙararsu.

Ku kuwa da Allah ya buɗe muku ido da karatu, kuna da makamin da tsohon nan ba shi da shi. Kilafaton ya ba da labarin cewa a Kano ta wancan zamani akan sa sunan dillali cikin ƙunshin tufa, don in an ga aibi, ko an kai wani gari, a san wanda za a mayar wa. Ku yi koyi da wannan. Ku sami 'yar takarda ku rubuta irin fatar, da kuɗinta, da sunanku, da unguwarku, ku liƙa a jikin kaya. Mutumin da ya yarda ya sa sunansa a kan abin da ya sayar, ya jera rumfarsa yadda ya ga dama, ba mai ce masa ya yi algus. Allah ya sa albarka a sana'armu, ya tsare mu daga cin hakkin wani, amin.